Gero, Ciwon Sukari da Kitsen Jini

Darasinmu na wannan wata a kan gero ne, hatsin da mu ka tashi mu ka tarar iyayenmu suna nomawa. Abin da ya sa mu ka ɗauko shi kuwa wata magana ce da ta bazu cikin mutane, a kasuwa da gidan biki da wayar hannu, cewa gero maganin ciwon sukari ne, yana kuma wanke kitsen da ke cikin jini. Waɗansu sun ji sun yi dariya, su ka ce ai abincin ƙauye ne kawai. Waɗansu kuma sun gaskata fiye da kima, har su kan ajiye ƙwayar da likita ya ba su, su koma ga shan kunu. Duka biyu da hatsari. Saboda haka, 'yan'uwa, bari mu zauna mu duba abin da masu bincike su ka gano, mu auna shi da abin da mu ke yi da gero a gidajenmu na ƙasar Gaya da Ajingi, domin mai ciwo ya san abin da zai ci, mai lafiya kuma ya san yadda zai tsare lafiyarsa.

1. Hatsin ƙasarmu

Wanda ya bar Kano ya yi gabas, ya ƙetare kogi a Wudil, ya bi ta Gaya da Kademi, ko ya nufi Ajingi da Toranke da Balare a bakin iyakar Jihar Jigawa, zai ga ƙasar yawancinta rairayi ce. Damina kuwa gajeruwa ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Irin wannan ƙasa ita gero ke so. Yana jimre fari da zafin rana, yana nuna cikin wata uku ko kusa da haka, shi ne kuma ya kan fara fid da magidanci daga ƙuncin marka tun dawa da maiwa ba su isa girbi ba.

Gero ɗan ƙasa ne, ba a kawo mana shi daga wani wuri ba. Masu tonon kayan tarihi sun sami alamarsa a kwarin Tilemsi cikin ƙasar Mali, alamar da ta fi shekara 4,000. Daga Afirka ya tafi Indiya, inda su ke kiransa bajra. Indiya ce ta fi kowace ƙasa noma shi, Nijar da Nijeriya kuma suna cikin na gaba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero da danginsa, watau dawa da acca da tamba da sauran ƙananan hatsi, domin a tuna wa duniya amfaninsu.

Amma a gidajenmu abin ya fara sakewa. Da yawa a cikinmu mu kan kai gero kasuwa mu sayo farar shinkafa da taliya. Karin kumallo ya koma shayi da burodi. Baƙon da a dā a ke tarbarsa da fura, yanzu lemon kwalba a ke aika yaro ya sayo masa. Tafiyar da a ke yi a ƙasa, babur ya ɗauke ta. Ba mu ce duk wannan mugunta ne ba, gama injin niƙa ya hutar da mata daga wahala mai yawa, babur kuma ya kai marasa lafiya asibiti a kan kari. Sai dai jiki yana karɓar abinci mai saurin narkewa fiye da dā, yana kuwa yin aiki ƙasa da dā. Nan ciwon sukari ya ke samun ƙofa.

2. Mene ne ciwon sukari?

Duk hatsin da mu ke ci, ko gero ko dawa ko masara ko shinkafa, yawancinsa sitaci ne. In ya shiga ciki sai ya narke ya zama wani irin sukari, ya ratsa hanji ya shiga jini. Wannan sukari shi ne itacen wutar jiki, da shi mu ke noma, da shi mu ke tunani. Amma ba ya iya shiga tsoka sai da mabuɗi. Mabuɗin nan wani ruwa ne da a ke kira insulin, wanda wata 'yar tsoka da ke kwance bayan tumbi ta ke yi.

In insulin ya ƙare, ko ya kasa, ko jiki ya daina jinsa, sai sukari ya taru cikin jini ya rasa wurin shiga. Wannan shi ne ciwon sukari. Iri na farko ya fi kama yara da matasa, jikinsu ba ya yin insulin ko kaɗan, ba su kuwa rayuwa sai da allurarsa. Kafin Banting da Best su fid da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada cikin 1921, irin waɗannan yara mutuwa su ke yi. Iri na biyu shi ne ya fi yawa, wajen mutum 9 cikin 10 na masu ciwon. Ya fi zuwa bayan shekara 40, ya fi bin mai ƙiba da mai yawan zama da wanda ya gaje shi. Akwai kuma wanda ya kan taso wa mace sa'ad da ta ke da juna biyu.

Alamunsa su ne yawan fitsari, musamman da dare, da ƙishirwa wadda ba ta yankewa, da rama ko da mutum yana ci, da kasala, da gani dishi-dishi, da miki mai ƙin warkewa. Amma mutum ya kan yi shekaru da shi ba wata alama. A ɓoye ya ke cin jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa, har wata rana a ji ido ya tafi, ko ƙaya ta soki ƙafa mutum bai ji ba, mikin ya ruɓe har a kai ga yankewa. Hanya ɗaya ce ta sani, watau awon jini. In an auna da safe kafin a ci kome, a ka sami 126 ko fiye a ma'aunin miligiram, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, a ka sake awo wata rana a ka sami haka, to, ciwon ya tabbata.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2021 cewa manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 a Afirka, wajen miliyan 3.6 a Nijeriya. Fiye da rabin na Afirka kuwa ba su san suna da shi ba. Cikin 2018 Dokta Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da abokan aikinsa, su ka tattara binciken da a ka yi a sassan ƙasar nan. Su ka tarar kusan mutum 6 cikin 100 ne ke da ciwon a Nijeriya. Yankinmu na arewa maso yamma shi ne mafi ƙanƙanta, mutum 3 cikin 100, kudu maso kudu kuwa kusan 10. Cikin abubuwan da su ka ce suna jawo shi akwai zaman birni da rashin motsa jiki da cin abinci marar kyau da manyanta. Kada wannan ya sa mu saki jiki. Mutum 3 cikin 100 a garin mutum 1,000 ya zama mutum 30, kuma abincin birni ya riga ya iso ƙauye.

3. Mene ne kitsen jini?

Akwai wani maiƙo cikin jini wanda likitoci ke kira kolestarol. Hanta ce ke yin yawancinsa, jiki kuwa yana bukatarsa, gama da shi a ke gina ƙwayoyin jiki, da shi kuma hanta ke yin ruwan ɗacin nan da ke taruwa cikin maɗaciya domin narkar da mai. Abin tsoro shi ne yawansa. Iri ɗaya, wanda a ke rubutawa LDL a takardar awo, in ya yi yawa ya kan manne a jikin jijiyoyin jini, kamar yadda laka ke cushe lambatu, har hanya ta ƙuntata. In ta toshe a zuciya, ciwon zuciya ke nan. In ta toshe a ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Ɗaya irin, HDL, shi ke kwashe maiƙon yana mai da shi hanta, saboda haka a ke son sa da yawa. Jimlar duka a ke so ta tsaya ƙasa da 200.

Kitsen jini ba shi da alama, siririn mutum ma ya kan same shi. Ya kan yi tafiya tare da ciwon sukari da hawan jini, shi ya sa mu ka haɗa su cikin darasi ɗaya. Abin da ya fi kashe mai ciwon sukari ma shi ne ciwon zuciya da na jijiyoyin jini.

4. Abin da masu bincike su ka gano

Cikin 1981 wani malami mai suna David Jenkins, shi ma a Toronto, ya fito da ma'aunin da ke nuna saurin da kowane abinci ke hawar da sukarin jini. An sa zallar sukarin gulukos a kan 100. Abincin da ya tsaya a 55 ko ƙasa mai jinkiri ne. Daga 56 zuwa 69 matsakaici ne. Daga 70 zuwa sama mai sauri ne.

Akwai wata cibiyar binciken amfanin gona na ƙasashen fari da a ke kira ICRISAT, wadda a ka kafa cikin 1972 kusa da Haidarabad a Indiya, tana da tasha a Sadore kusa da Yamai, tana kuma da ofis a Kano. Cikin 2021 Dokta Anitha ta wannan cibiya, da abokan aikinta na Jami'ar Reading a Ingila da waɗansu wurare, su ka tattara gwaje-gwajen da a ka yi a ƙasa 11, a kan mutum wajen 1,000. Ga abin da su ka samu. Gero da danginsa, in an haɗa su duka, sun tsaya a wajen 53 a ma'aunin nan, farar shinkafa a wajen 72, farin garin alkama a wajen 74. Masu ciwon sukari da su ka daɗe suna cin waɗannan hatsi, sukarinsu na safe ya ragu da kashi 12 cikin 100, na bayan cin abinci da kashi 15. Waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon kuma, awon nan da ke nuna matsakaicin sukarin wata uku ya sauko musu daga 6.65 zuwa 5.67.

Cikin shekarar nan dai su ka fid da bincike na biyu a kan kitsen jini, daga gwaji 19 da a ka yi a kan mutum kusan 900. Mutanen sun ci giram 50 zuwa 200 a yini, daga kwana 21 har wata 4. Jimlar kitsen jininsu ta ragu da kashi 8 cikin 100, mugun irin nan LDL ya ragu da kusan kashi 10, mai kyau ɗin kuwa ya ƙaru da wajen kashi 6.

Har wa yau akwai wani gwaji da a ka yi a Bamako, wanda Fatimata Cisse da malaman Jami'ar Purdue ta Amurka su ka buga cikin 2018. Sun ba mutane tuwon gero da tuwon dawa da dambun gero, su ka kuma ba su shinkafa da dankalin Turawa da taliya, su ka auna daɗewar kowanne cikin tumbi. Na gero da na dawa sun daɗe wajen ninki biyu. Manomi ya riga ya san wannan a jikinsa, shi ya sa ya ke cewa tuwo yana riƙe ciki, shinkafa kuwa kafin azahar an ji yunwa. Abincin da ke fita daga tumbi a hankali, a hankali ya ke zuba sukarinsa cikin jini.

Amma ya kamata mu lura da abu uku. Na ɗaya, yawancin gwaje-gwajen nan a Indiya a ka yi su, da irin girkinsu, a kan mutane kaɗan kaɗan, cikin gajeren lokaci. Na biyu, lissafin 53 ɗin nan na dangin ne gaba ɗaya. Da a ka ware su ɗaya ɗaya, acca tana cikin masu jinkiri, amma geronmu da dawa da tamba suna cikin matsakaita. Na uku, ragin kashi 12 ko 15 taimako ne na gaske, amma wanda sukarinsa ya kai 250, in ya ragu da kashi 15, yana nan sama da 200, ciwo kuwa yana nan yana cinsa. Ashe gero ya fi farar shinkafa da burodi ga mai ciwon sukari, amma abinci ne mai taimakon magani, bai isa ya tsaya a madadinsa ba.

5. Ina amfanin ya ke a cikin ƙwaya?

Ƙwayar gero kashi uku ce. Akwai fatar waje, wadda ke zama dusa in an surfa. Akwai ɗan idon nan da ke tsirowa in an shuka. Akwai kuma farin ciki, wanda kusan duk sitaci ne. Harza, watau abin nan mai zare-zare da ciki ba ya narkarwa, yawancinta a fatar ta ke. Giram 100 na geron da ba a surfa ba yana da harza wajen giram 11, farar shinkafa kuwa ba ta kai giram 3 ba. Idon gero babba ne, a cikinsa mai ya ke, irin man da ba ya cushe jijiya. Shi ya sa garin gero ba ya daɗewa a ajiye sai ya sake wari. Ƙarfen da ke ƙara jini da sauran ma'adinai su ma sun fi yawa a fatar da idon.

Harza tana aiki biyu. Tana rage saurin narkewar sitaci, sukari ya riƙa shiga jini da kaɗan kaɗan. Tana kuma kama wani kashi na ruwan ɗacin nan cikin hanji ta fita da shi, sai hanta ta ɗebo kitse daga jini ta yi sabo, da haka kitsen jini ke raguwa. Wannan aiki na biyu, miya mai yauƙi irin kuɓewa da kuka da lalo, da wake kuma, suna yinsa sosai. Tuwon gero da miyar kuka da iyayenmu su ka haɗa, haɗi ne mai kyau.

To, in mun surfa gero har ya yi fari fat, mu ka bakace, mu ka wanke, mu ka zuba wa awaki dusar da ƙasarin, wa ya ci amfanin? Awaki ne. Abin da ya rage mana sitaci ne, bai fi farar shinkafa da yawa ba.

6. Daga rumbu zuwa akushi

Gero ɗaya ne a cikin rumbu, amma abin da zai yi a jini ya rataya ga abin da a ka yi masa kafin ya iso baki. Ga abu biyar da uwargida da maigida za su kula da su.

Surfe. A wanke gero a fid da tsakuwa da ƙaiƙayi, a shanya, a niƙa shi da fatarsa. In mutanen gida ba su saba ba, a yi surfe sama-sama, ko a haɗa rabi surfaffe da rabi marar surfe har baki ya saba. Tuwon zai fi duhu, amma ya fi amfani. A riƙa niƙa na kwana biyu ko uku kawai domin kada ya lalace.

Laushi. Gari mai laushi ƙwarai ya fi saurin narkewa. Tsaki da burabusko da dambu sun fi jinkiri. Gasarar da a ka tace da ƙyalle kuwa, duk harzarta tana cikin abin da a ka zubar.

Kauri. Abin da a ke sha ya fi abin da a ke taunawa saurin wucewa. Kunu tsararo da koko, mutum ya kan shanye babban kofi biyu kafin ya ankara, bayan sa'a ɗaya kuma ya ji yunwa. Mai ciwon sukari ya fi kyau ya karya da ɗumamen tuwo, ko dambu da zogale. In kunu zai sha, ya zama ƙaramin kofi ɗaya na geron da ba a tace ba, ya haɗa da dafaffen ƙwai ko wake ko 'yar gyaɗa.

Sukari. Nan ne ɓarna ta fi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin 2015 kada babban mutum ya wuce ƙaramin cokali 12 na sukari a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya tana da wajen cokali 8 ko 9. Bari kowa ya ƙirga cokalin da a ke zubawa cikin fura da kunun zaƙi da kunun tsamiya a gidansa. Furar da a ka dama da nono, da citta da kanumfari da masoro, ba ta bukatar sukari, haka kakanninmu su ka sha ta. Zuma da mazarƙwaila da dabino da rake su ma sukari ne a wurin jini. Kada mai ciwo ya ce ai na gargajiya ne ba su da laifi.

Yawa. Ko geron da ba a surfa ba, fiye da rabinsa sitaci ne. Malmala uku ta tuwon gero za ta hawar da sukari fiye da ɗan ludayi ɗaya na shinkafa. Ga misalin da za a riƙe: a raba akushi huɗu. Kashi biyu ganye da miya, watau zogale ko rama ko alayyafo ko yakuwa ko tafasa ko kuɓewa. Kashi ɗaya wake ko kifi ko nama marar kitse. Kashi ɗaya tuwo, kamar dunƙulen hannun mai ci. Wanda zai yi yini yana huɗa a gona ya fi mai zaman shago bukata, saboda haka abincin rani ba zai zama daidai da na damina ba.

Game da kitsen jini kuma, mu tuna mahaɗi. Man shanu da kitsen nama da ƙwaƙwalwa da kayan ciki da manja mai yawa suna ƙara mugun kitsen nan. Man gyaɗa da na riɗi sun fi, amma da awo. Wainar gero da a ka soya cikin man da a ka yi kwana da kwanaki ana maimaitawa ta zubar da amfanin geronta. Nonon da a ka kaɗa a ka fid da mansa ya fi kindirmo dacewa da mai kitsen jini.

7. Gargaɗi

Kada kowa ya bar maganinsa don ya koma cin gero. Yaron da ke allurar insulin, in an hana shi, cikin kwana kaɗan zai iya suma ya mutu. Babba mai shan metformin ko ƙwayar kitsen jini ya ci gaba da sha. In sakewar abinci ta sa awonsa ya sauko, likita ne zai rage masa, ba shi da kansa ba, ba kuma mai tallar magani a kasuwa ba.

Mai allurar insulin, da mai shan irin ƙwayar nan glibenclamide, kada ya yi tsallaken abinci, kada kuma ya shiga azumi sai ya shawarci likita, gama sukari ya kan faɗi ƙasa ƙwarai. Alamarsa rawar jiki da zufa da jiri da ruɗewa. A wannan hali kaɗai a ke ba shi sukari, cokali uku cikin ruwa, nan da nan, sa'an nan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa kome, a kai shi asibiti.

A cikin gero akwai wani abu da ke rage wa jiki amfani da aidin. A yammacin Sudan, inda mutane ke rayuwa a kan gero kuma aidin ya yi ƙaranci, an ga maƙoƙo da yawa. Maganin wannan mai sauƙi ne, a yi miya da gishiri mai aidin, wanda a ke sayarwa cikin leda. Amma gishirin ma da awo, kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini ga mutum guda, har da na dunƙulen miya. Kanwa ita ma dangin gishiri ce. Mai hawan jini da mai jego su yi nesa da yawan kunun kanwa, gama likitocin Zariya tun wajen 1970 sun nuna yana cikin abubuwan da ke kumbura zuciyar mata bayan haihuwa.

Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu, abincinsa dabam ne, ya bi abin da asibiti su ka tsara masa.

8. Abin da za mu yi

Duk wanda ya kai shekara 40, da mai ƙiba, da wanda uwarsa ko ubansa ya yi ciwon, da macen da ta haifi jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, ya je a auna jininsa ko da yana jin lafiya. Babban asibitin Gaya yana kusa da mu. In abin ya yi nauyi a kan tura mutum Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a birni. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, tana kuwa faɗowa daidai kaka, sa'ad da hatsi ke shiga rumbu kuɗi kuma ke hannu. Lokaci ne mai kyau na yin awo.

Magidanci ya yi lissafi tun a kaka, ya ware geron ci na shekara kafin ya ware na sayarwa. Ya bar wuri a gona domin wake da gyaɗa, a dasa zogale a bayan gida, a shanya kuɓewa da rama domin rani. In rani ya yi, aikin gona ya ƙare, kada a zauna gindin bishiya daga safe har yamma. Tafiyar rabin sa'a a ƙasa, kwana biyar cikin mako, tana sa jiki ya ƙara jin insulin. Mai ciwo ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya yi tafiya ba takalmi.

Kada kuma a ware mai ciwo da 'yar tukunyarsa shi kaɗai, kamar wanda a ke horo. Abincin da ya dace da shi ya dace da dukan gida, yaran da su ka tashi da fura marar sukari kuwa ba za su yi kewarsa ba. In ana biki ko taro, masu girki su tuna da irin waɗannan 'yan'uwa, a ajiye tuwo da miyar ganye da ruwan sanyi kusa da shinkafa da lemo, domin kada kunya ta sa mutum ya ci abin da zai cuce shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi domin nazari

1. Mene ne aikin insulin cikin jiki, me kuma ke faruwa in ya kasa?
2. Don me mutum zai iya yin shekaru da ciwon sukari ko kitsen jini bai sani ba?
3. A wane sashi na ƙwayar gero harza ta fi yawa? Ina ya ke tafiya in an yi surfe?
4. Tsakanin dambun gero da kunun da a ka tace a ka sa sukari, wanne ya fi dacewa da mai ciwon sukari? Ba da dalili biyu.
5. In maƙwabcinka ya ce zai bar maganin asibiti don ya ji gero magani ne, me za ka faɗa masa?
6. Ƙirga ƙaramin cokali nawa na sukari a ka sha a gidanku jiya, ka raba da yawan mutanen gidan. Nawa ya faɗa wa kowa?